Me ya sa makarantun ƙarshen Daular Usmaniyya suka fi kama da bariki fiye da madarasa?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hotunan tsofaffin makarantun da Daular Usmaniyya ta gina a ƙarshen zamaninta, wasu a Turkiyya, wasu a Sham, wasu a Girka, sai ya ga babu ƙubba, babu ɗakunan ɗalibai irin na madarasa, dogon bene ne kawai mai tagogi a jere kamar barikin soja. Yana so ya san abin da ya kawo wannan sauyi, yadda aka gina su, da yadda mutum zai gane shekarun ginin in ya tsaya a gabansa.

Malam, yadda ake zaunar da yaro ne ya fara sauyawa, gini ya biyo baya.

Dubi abin da ake da shi kafin nan. Makarantar yara, wadda suke kira sibyan, ɗaki ɗaya ce tak, sau da yawa a saman bene, ƙarƙashinta famfon sadaka ko shago, a gefen masallaci, waƙafi ke ɗaukar nauyinta. Yara suna zaune a ƙasa gaban ƙananan teburan ɗora littafi, malam yana gefe, kowane yaro da inda karatunsa ya tsaya. Wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin: ana biya wa wannan, wancan yana tilawa, duk a wuri ɗaya. Madarasa kuma, irin ta Sulaimaniyya a Istanbul, ƙananan ɗakuna ne zagaye da tsakar gida, kowane ɗaki da murhunsa da ƙubbarsa, sai babban ɗakin darasi guda ɗaya. Ɗakunan na kwana ne. Ɗakin karatu ɗaya ya wadatar, domin littafi ake bi, ba a raba ɗalibai aji-aji.

Da aka shigo da abin da suka kira usuli jadid, wato sabuwar hanyar koyarwa, sai aka raba yara bisa shekarar karatu, aka kawo benci da baƙin allo da taswira da jadawali da ƙararrawa. Daga nan lissafin gini ya juye. Aji biyar na buƙatar ɗaki biyar masu girma ɗaya. Kowane ɗaki na buƙatar ƙofarsa, don kada a ratsa wani aji kafin a shiga wani, wannan ya haifi korido. Yaron da ke rubutu da hannun dama a kan benci yana buƙatar haske ta hagunsa, in ba haka ba inuwar hannunsa ta rufe takarda, wannan ya haifi dogayen tagogi a jere a bango ɗaya. Ƙubba kuwa ba ta ɗaukar wani bene a kanta, kuma tana son ɗaki mai kusurwa huɗu daidai, alhali aji dogo ake so. Haka ta fita daga tsarin ba tare da wani ya kore ta ba. Kamar barikin da ka gani ma ba kuskuren ido ba ne: makarantun soja ne suka riga na farar hula, kuma wasunsu a cikin bariki suka fara, kamar Kuleli da ke bakin mashigin Bosforus.

Matakan karatun sun zauna da dokar ilimi ta 1869, zamanin Sultan Abdul'aziz. Sunayen ba baƙi ba ne ga ɗan Islamiyya: ibtida'i, rushdiyya, i'idadi, sultani, daga matakin ƙasa zuwa na sama. Dokar ta ce garin da ya kai gida 500 a yi masa rushdiyya, wanda ya haura gida 1000 a yi masa i'idadi, hedikwatar kowace wilaya kuma a yi mata sultani. A lura, i'idadi a wurinsu babbar sakandare ce, tana sama da rushdiyya, saɓanin yadda ake amfani da kalmar yau a makarantun Larabci. Sai dai doka daban, kuɗi daban. Shekara goma sha biyar dokar tana kan takarda a yawancin larduna, ga yaƙin Rasha na 1877 zuwa 1878 ya ƙwaƙule baitulmali. Rushdiyyoyi da yawa a gidajen haya ko tsofaffin ɗakunan sibyan suka zauna. Sai a 1884, zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, aka ƙara wani kaso a kan ushirin amfanin gona da harajin gidaje, aka ware shi don ilimi. Galibin manyan gine-ginen da kake gani a hoto 'ya'yan wannan haraji ne, shi ya sa shekarunsu suka taru wuri ɗaya: Kastamonu 1885, Tasalonika 1887, Sivas 1892. Harajin bai rasa masu ƙorafi ba, kuma da gaskiyarsu. Manomin ƙauye ne ke biya, ɗan birni ke shiga makarantar, wani kaso kuma yana wucewa Istanbul.

Akwai kuma kishi. Mishan na Amurka sun buɗe Kwalejin Robert a Istanbul a 1863, da wata kwaleji a Beirut a 1866. Girkawan Istanbul sun ɗaga jan benen makarantarsu a unguwar Fener tsakanin 1881 da 1883, wanda ake hangowa daga nesa kamar fada. Gwamnonin larduna suna ta rubuto wa fada cewa 'ya'yan Musulmi na tafiya makarantun baƙi saboda na gwamnati ba su da kyan gani. Saboda haka i'idadi ba a ɓoye ta a lungu. A kan tudu ake sa ta, ko a sabon dandalin gwamnati kusa da gidan gwamna da bariki da hasumiyar agogo, yadda mai shigowa gari zai fara cin karo da ita.

Zanen kansa daga Istanbul yake zuwa, an ɗauko shi daga tsarin makarantun Faransa, injiniyan wilaya ya daidaita shi da fili da abin da ke aljihu. Don ka san irin ma'aunin da ake kallo a lokacin, dokar ginin makarantu ta Faransa ta 1880 ta ce aji kada ya wuce yara 50, kowane yaro ya sami aƙalla murabba'in mita ɗaya da kwata, tsayin ɗaki kuma kada ya gaza mita 4. Tsayin nan don iska ne, domin likitocin zamanin sun ɗora laifin cututtuka da yawa a kan gurɓatacciyar iskar ɗaki. In ka shiga i'idadi ta lardi, abin da za ka tarar kusan ɗaya ne. Bene mai hawa biyu a kan ɗaki na ƙarƙashin ƙasa wanda rabinsa ya leƙo waje. Ƙofa a tsakiya cif, an turo sashenta gaba kaɗan, matakalar dutse tana hawa zuwa gare ta, dama da hagu kamar an naɗe takarda biyu. Daga ƙofa sai zaure, daga zaure sai matakalar bene, korido ya miƙe dama da hagu. Ofishin shugaba yana kusa da ƙofa ko a samanta, inda zai ga mai shiga da mai fita. Akwai ma'aikaci na musamman, mubassir, wanda aikinsa sa ido kan ɗalibai ne kawai, kuma miƙaƙƙen korido ya sauƙaƙa masa: ya tsaya a kai ɗaya, ya ga ƙofar kowane aji. Manya daga cikinsu, kamar ta Sivas, sun naɗe koridon ya zagaye tsakar gida, amma tsakar gidan nan don haske da iska ne, rayuwar makarantar ba a cikinsa take ba kamar ta madarasa.

Girman ginin yana gaya maka irin makarantar. Daga shekarun 1890 i'idadi ta kasu biyu: ta jeka-ka-dawo mai shekara biyar a ƙananan larduna, da ta kwana mai shekara bakwai a hedikwatar wilaya, dukansu sun haɗiye ajujuwan rushdiyya uku a ciki. Ta kwana tana buƙatar ɗakin barci, yawanci a hawa na sama, da ɗakin cin abinci a ƙasa, da ɗakin jinya, da wurin wanki. Kicin da banɗaki ana tura su ƙarshen gini ko a ware su a baya, ɗaya saboda wuta, ɗaya saboda wari.

Wanda ya tsaya a waje zai ce wannan makarantar Turawa ce. Ya shiga tukuna. Akwai masallaci a ciki, akwai jeren famfunan alwala, ana sallah cikin jam'i, kuma zamanin Abdulhamid an ƙara sa'o'in darasin addini da tarbiyya. Nan ne ma magina suka sha wahala. Ginin titi yake bi, titi kuwa bai san alƙibla ba. Saboda haka sau da yawa masallacin ɗaki ne irin sauran, sahu ya karkace a cikinsa. In kana neman tsohon masallacin a ginin da aka mayar wani abu, nemi ɗakin da ke da gurbi a bango ko a kusurwa ta fuskar Makka, ko alamar bututun ruwa a jere kusa da ƙofarsa.

Yanzu ga aikin hannu. Gobara ta addabi biranen katako, musamman Istanbul, don haka dokokin gini tun daga 1848 suke tura mutane zuwa abin da suke kira kargir, ginin dutse da jan bulo. Bangon waje na i'idadi dutse ne da ba a sassaƙa ba, kaurinsa a ƙasa yakan haura santimita 60, yana raguwa a sama. Sassaƙaƙƙen dutse yana da tsada, sai a ajiye shi don kusurwoyi da bakin taga da bakin ƙofa da ɗamarar da ke raba hawa da hawa. Sauran a shafe da filasta. Kwaɓin farar ƙasa ake amfani da shi, wadda aka ƙona daga dutse aka jiƙa ta ta kwana a rami, a haɗa da yashi, a wuraren danshi kuma a ƙara dakakken jan bulo, wannan shi ne horasan. A yankunan girgizar ƙasa ana kwantar da katako a cikin bango, tsawonsa, bayan kowane 'yan sahu, sunansa hatil, yana ɗaure bangon kamar ɗamara. Bangayen ciki da ba su ɗaukar kaya kuma bagdadi ne: firam na katako, a buga siraran katako a kai da 'yar tazara, a yaɓe. Ba shi da nauyi, shi ya sa ake iya sa shi a sama inda babu bango a ƙarƙashi.

Daɓen bene iri biyu ne, kuma bambancin yana da amfani wurin gane zamani da kuma arzikin wanda ya gina. Na farko katako ne zalla, manyan gungume a jere kamar azara, a shimfiɗa falanki. Na biyu, wanda ya yaɗu a ƙarshen ƙarnin, ƙarfe ne: a jera dogayen ƙarafa da tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, a ɗaura ƙaramin baka na jan bulo tsakanin kowane biyu, a cike sama. Suna ce masa volta. In ka ɗaga kai a korido ko a ɗakin ƙasa ka ga silin yana tafiya kamar kunya-kunyar gona, shi ne. Rufi kuwa katako ne mai gangara huɗu, a kansa jan tayil na yumɓu, ko na gida mai kamar rabin bututu, ko shimfiɗaɗɗe mai haƙori da ake kawowa a jirgin ruwa daga Marsel ta Faransa. Juya ɗaya ka duba bayansa, za ka ga sunan masana'anta da tambarinta, ƙudan zuma ko zaki ko tauraro. Amma tayil shekarun rufi kawai yake faɗa, rufi kuwa ana sake shi.

Inda abin ke lalacewa tun farko shi ne wurin ba da kwangila. Injiniya zai yi ƙiyasi, a aika Istanbul a amince, sannan a yi gwanjo na juye: wanda ya fi rage kuɗi shi ke ɗauka. Araha ba ta ado. Ɗan kwangilar da ya karya farashi zai rama a inda ido ba ya kaiwa, ya rage farar ƙasa a kwaɓi, ya sa ɗanyen katako, ya taƙaita zurfin harsashi. Ɗanyen katako in ya bushe sai ya murɗe, filastar bagdadi ta tsattsage, tagogi su ƙi rufuwa. In kuɗi ya yanke a tsakiya kuma, bango ya kwana damina da hunturu babu rufi, ruwa ya shiga cikinsa ya daskare ya buɗa shi. Sannan ga dumama ɗaki. Dogon ɗaki mai manyan tagogi ya dace da lissafin likita, amma a tsaunukan Anadolu, ɓangaren Turkiyya na Asiya, sanyi ne ke cin yara. Murhun ƙarfe ake kafawa a kowane aji, bututunsa ya ratsa bango zuwa mafitar hayaƙi, kusa da katakon bene da na rufi. Bangon dutse ba ya ci, amma duk abin da ke cikinsa yana ci. Galatasaray ta Istanbul, sultani ta farko da aka buɗe a 1868, ta ƙone a 1907.

Lalacewar yau kuma yawancinta daga gyara take. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita. Siminti yana kulle shi. In aka shafe tsohon bango da siminti, ruwan da ke hawowa daga ƙasa ya rasa mafita, sai ya haura sama da shafen, gishiri ya fito fari, dutse ya fara zuba kamar gari. Duk wanda ya ga an yi wa ginin ƙasa filastar siminti, bayan damina biyu ta ɓamɓaro da guntun bango a bayanta, ya san ciwon. Hatil in ya ruɓe yakan bar rami a tsawon bango, ba a gani sai girgiza ta zo. Ƙarfen volta kuma kansa yana cikin bango, in indararo ya toshe ruwa ya sauka nan, tsatsa ta kumbura shi, sai ka ga tsaga miƙaƙƙiya a silin tana bin layin ƙarfen. Mai gyara na gari daga rufi da magudanar ruwa yake farawa, fenti ne na ƙarshe.

Ba duka ne suka bi wannan ƙirar ba. Maktab Anbar ta Dimashƙu gidan wani attajiri Bayahude ne, Yusuf Anbar, wanda ya fara gina shi a 1867, bashi ya ci shi, gwamnati ta karɓe ta mai da shi makaranta a 1887; tsakar gida ne da itatuwa da ado irin na gidajen Sham. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suka wuce misali. Ginin jami'a da Gaspare Fossati ya zana kusa da Ayasofiya a Istanbul an fara shi a 1846, bai ƙare ba sai 1863, kuma ya yi wa jami'ar da ba ta riga ta tsaya da ƙafarta ba girma. Ya yi asibiti a yaƙin Kirimiya, ya yi ma'aikatu, majalisar dokokin daular ta farko ta zauna a cikinsa a 1877, ya ƙone a 1933 yana kotu. Makarantar likitanci ta Haydarpasha a Istanbul, aikin Alexandre Vallaury da Raimondo D'Aronco, an buɗe ta a 1903 tana kallon teku da hasumiyoyin agogonta, kuma a nan ne za ka ga an fara dawo da baka da ado na Gabas a fuskar gini. Bayan juyin juya halin 1908, wanda ya dawo da majalisar dokoki, wannan ya zama salo sosai a hannun Kamaluddin Bey, wanda ya riƙe sashen gine-gine na ma'aikatar waƙafi: baka mai tsini a kan taga, rufi mai faɗin baki da ya leƙo waje sosai, tayil mai shuɗi daga Kutahya. Makarantar Rashadiyya da ke unguwar Eyub a Istanbul tasa ce. A ganina ado ne ya koma gida, tsarin ciki bai koma ba. Cire bakan da tayil ɗin, korido ne da ajujuwa kamar na 1887. Wannan ya ba ka ma'auni na farko: taga mai kai a miƙe ko rabin da'ira da alwatika a saman ƙofa, ka fi zaton zamanin Abdulhamid, baka mai tsini da faffaɗan bakin rufi, ka fi zaton bayan 1908.

Ma'auni mafi ƙarfi shi ne allon marmara da ke saman ƙofa, kitabe. Yawanci waƙa ce ta yabon sarki, baitin ƙarshe yana ɗauke da shekara a cikin haruffa, daidai da ramzin da malamanmu ke rufe waƙoƙin ajami da shi. Amma a nan wanda ya koyi hisabi a ƙasar Hausa zai iya zamewa, domin mu lissafin Magrib muka gada, su kuwa na Gabas suke bi, kuma haruffa shida sun saɓa. A wurinmu shinun 1000 ne, a wurinsu 300, gainun ne 1000. Sinun a wurinsu 60, sadun 90, ladun 800, zadun mai sanda 900. Sannan ka karanta baitin da ke gabansa da kyau, domin mawaƙi yakan yi ishara cewa haruffa masu ɗigo kawai za a ƙirga, ko a ƙara ɗaya, ko a cire ɗaya.

In shekarar da lambobi aka rubuta ta, saura ka san wace kalanda ce. Allon ƙofa yawanci Hijiriyya ne, takardun ofis da na kuɗi kuwa suna bin kalandar Rumi, ta rana, wadda shekararta ke farawa a Maris. Lambobinsu sun yi kusa har suna ruɗarwa: 1300 ta Hijira ta kama a Nuwamba 1882, 1300 ta Rumi ta kama a Maris 1884. Ga Rumi, ƙara 584, in watan Janairu ne ko Fabrairu ka ƙara 585. Rashin lura da wannan ne ya sa za ka ga gini ɗaya da shekaru biyu daban a rubuce. Wani tarkon kuma shi ne haɗa shekarar kafa makaranta da shekarar gininta. Makaranta takan yi shekaru a gidan haya kafin ta tare, ko ta tare a ginin da ya girme ta, kamar Anbar. Akwai wata dabara mai sauƙi: Abdulhamid ya aika kundin hotuna 51, masu hoto 1,819, zuwa ɗakin karatu na majalisar Amurka a 1893, makarantu sun cika su, da ɗalibai biyu-biyu a tsaye cikin yunifom. Ginin da ya fito a ciki a gama, ka san ya riga wannan shekara.

Yawancinsu suna nan, sun sake aiki. Ta Tasalonika a Girka, wadda Vitaliano Poselli ya zana, tsohon ginin tsangayar falsafa ne na Jami'ar Aristotle. Ta Sivas, inda Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya yi babban taron Satumba 1919, gidan tarihi ce. I'idadin soja ta Manastir, Bitola ta yau a Masedoniya ta Arewa, inda ya yi karatu, ita ma haka. A Tarabulus ta Libiya, inda fataken Kano suka san hanya, makarantar sana'o'i da aka kafa a ƙarshen shekarun 1890 tana tsaye.

A saman kitabe akwai tugra, tambarin sa hannun sarki. Duba ɗan rubutun da ke damansa: in ka ga "Rashad", na Sultan Muhammad na Biyar ne, daga 1909, in ka ga "al-Gazi", galibi Abdulhamid ne, ko da yake shi ma Rashad ya sami laƙabin a 1915. A cikin Turkiyya sau da yawa ba za ka tarar da ko ɗaya ba, domin wata doka ta 1927 ta sa a cire tugra da rubutun yabon sarakuna daga gine-ginen gwamnati. Wasu an sauke su an kai gidan tarihi, wasu an rufe su da filasta, wasu an kankare. In ka ga wani fili mai siffar ƙwai a saman ƙofa, fari fat ko da sawun kurfi a jikinsa, wurin tugra ne, kuma in filasta ce aka shafa, rubutun yana nan a ƙarƙashi.